Wa Ke Duba Littafin Yaro A Sabo?

Daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, 'ya'yan mutanen Arewa da yawa na dawowa daga makarantar firamare da aikin gida a jaka, su kuma koma da shi washegari ba a taɓa ba. Malami ya ce sakaci ne, uba ya ce yaron ne ba ya ji, alhali kuwa maganar ta wuce nan.

Ilmin boko ya daɗe da zama gindinsa a wannan ɓangare. Tun 1955 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta soma firamare kyauta a Jihar Yamma, a ƙasa baki ɗaya kuwa sai a 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE. Saboda haka malami a Kurmi yakan ba da aiki yana ɗauka akwai mai karatu a kowane gida. To, mahaifin da ya yi asubanci zuwa kasuwar Mile 12 ko ta Bodija, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, kuma wataƙila ajami ya iya, ba boko ba.

Ga kuma batun harshe. Yaro na jin Hausa a gida, a ba shi aiki da Turanci, sa'an nan tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun Jihar Legas. Ga makarantar allo ko Islamiyya bayan la'asar, ga aike, ga talla. Kafin ya zauna dare ya yi, ko wuta babu.

Duk da haka, ba sai uba ya iya Turanci ba kafin ya tsare aikin ɗansa. Abin da ake nema wurinsa guda uku ne. Na fari lokaci: a ware rabin sa'a bayan yaro ya ci abinci ya huta, kafin la'asar, kullum ba fashi. Aikin da ya yi nauyi a kai shi yammacin Alhamis da Jumma'a, tun da ba a karatun allo a ranakun nan. Na biyu wuri: tabarma, fitila mai haske, rediyo da waya a kashe. Na uku ido: a buɗe littafin, a dubi kwanan wata da jan biron malami, a ce wa yaro ya faɗi da Hausa abin da aka ce ya yi. Wanda ya iya bayyana darasi da harshensa ya gane shi. Ai haka ake sauraron tilawa kafin a wanke allo.

Abin gudu shi ne a ba yaya ko maƙwabci ya rubuta masa. Littafi zai yi kyau, malami ya zaci an fahimta ya wuce gaba, ranar jarrabawa kuwa asiri ya tonu. Duka ma ba ya koyar da lissafi, sai dai ya koya wa yaro ɓoye littafi.

Su ma malamai da nasu. Aikin gida bita ne na abin da aka riga aka koyar, kaɗan, wanda yaro zai iya shi kaɗai, kuma a duba shi washegari. Inda iyaye suka ga ya fi ƙarfin yara, sai su je taron iyaye da malamai su gaya wa hedimasta, ko da tafinta. Shugabannin unguwa kuma na iya ba da zaure, ɗaliban sakandare su riƙa zama da ƙannensu.

An baro gida ne don neman abin da za a bar wa 'ya'ya. Rabin sa'ar nan tana cikin abin da za a bar musu.