Daga rijiyar gas zuwa Taura: Dalilan da suka hana wutar lantarki wadata

Duk ranar Lahadi kasuwar Gujungu da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa takan cika maƙil da fataken hatsi da dabbobi. Wanda ya kasa kunne a rumfunan masu walda da masu injin niƙa da masu sayar da ruwan sanyi, ƙarar janareta zai fi ji. Haka lamarin yake a Dutse, inda ma'aikaci kan ware wani kaso na albashinsa don sayen fetur, ko da ya biya kuɗin wuta. Abin mamaki kuwa shi ne Najeriya na da iskar gas kwance a ƙarƙashin ƙasa da ta haura ƙafa tiriliyan 200, wadda ta fi ta kowace ƙasa a Afirka. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Domin a gane dalili, sai an bi wutar tun daga tushe. Kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkin da ake samarwa a ƙasar nan daga tashoshi masu ƙona gas yake fitowa, irin su Egbin a Legas da Geregu a Kogi da Azura a Edo. Ragowar na zuwa daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. A rubuce, tashoshin na da ƙarfin samar da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke hawa babban layin ƙasa a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Injina da dama na tsaye, wasu saboda lalacewa, wasu saboda ba a turo musu gas ba.

A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, na da kashi 8 cikin 100 na abin da aka samar. Idan an samu megawat 4,500, rabonsa bai wuce 360 ba, kuma da shi za a ciyar da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da gidajen jihohi uku. Abin da zai iso Taura saura ne daga saura.

Me ya sa masu gas ba sa turowa isasshe? Amsar tana cikin lissafin kuɗi. Da dala ake ƙayyade farashin gas, alhali da naira ake biyan kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NMDPRA ta ɗaga farashin gas ɗin da ake sayar wa tashoshin lantarki daga dala 2.18 zuwa dala 2.42 kan kowane ma'auni. Ƙarin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da faɗuwar naira, wadda ta tashi daga kimanin 460 kan dala ɗaya kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Kenan kuɗin gas a naira ya ninka fiye da sau uku.

Sannan kuɗin da ya kamata ya koma ga mai gas zubewa yake yi a hanya. Miliyoyin masu amfani da wuta ba su da mita, ana rubuta musu kuɗi bisa ƙiyasi, su kuma su ƙi biya domin ba su ga wutar ba. Akwai masu satar wuta, akwai hukumomin gwamnati da ake bi bashi mai yawa. Kamfanin rarrabawa sai ya biya rabi, gwamnati ta yi alƙawarin cike giɓin a matsayin tallafi, biyan ya yi jinkiri. A farkon 2024 Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya bayyana cewa tashoshin samar da wuta na bin naira tiriliyan 1.3, kamfanonin gas kuma na bin dala biliyan 1.3. Kowane ɗan kasuwa ya san hukuncin wannan. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa masu haƙar gas su ware wa cikin gida kaso, amma wanda ke da mai saye a ƙetare da zai biya dala lakadan ba zai yi zumuɗin ƙara wa mai bashi kaya ba.

Matakin da hukumar NERC ta ɗauka a ranar 3 ga Afrilun 2024 yunƙuri ne na toshe wannan ɓaraka. Ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla sa'o'i 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Sauran rukunan, har zuwa rukunin E mai sa'o'i huɗu, an bar su a tsohon farashi. Sai dai tsarin na da wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Tunda dole kamfani ya cika wa rukunin A sa'o'insa, kuma can ne ribar take, duk lokacin da wuta ta ragu layukan karkara ake fara yankewa.

Ga kuma nisa. Wutar da ake sha a Jigawa sai ta ratso ɗaruruwan kilomitoci kafin ta sauka a tashar Kumbotso da ke Kano, sannan a tura ta gabas. A watan Oktoban 2024 aka ga haɗarin haka ƙarara: mahara sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogaro da shi ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda cikin duhu.

Ana sa ran bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, zai ba da damar gina tashoshi a kusa da masu buƙata. Haka nan Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, abin da zai amfani jiha mai yalwar hasken rana irin Jigawa, musamman wajen ƙananan tashoshin sola a kasuwanni da asibitoci da gonakin rani.

Amma bututu ko faifan sola ba za su kawar da tushen matsalar ba muddin kuɗi bai koma inda kaya ya fito ba. Mai walda a Gujungu da ke sayen fetur kullum ya riga ya nuna zai iya biyan wuta mai tsada. Abin da yake nema shi ne mita da za ta auna masa gaskiya, da wutar da za ta tsaya har ya gama aikin da ya karɓa.