Ci 27 da Nema, da Gwajin Shanun Huɗa

Ranar 18 ga Yulin 2023 ƙungiyar Bayern Munich ta Jamus ta zura ƙwallo 27 a ragar wata ƙungiya mai suna Rottach-Egern, ba a rama ko ɗaya ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an ci 18, wato duk minti biyu da rabi sai mai tsaron raga ya sunkuya ya ɗauko ƙwallo a bayansa. Jamal Musiala ya ci biyar, Mathys Tel biyar, Marcel Sabitzer shi ma biyar. Kuma ba ranar aka fara ba. A 2018 an tashi 20 da 2, a 2019 an tashi 23 da nema, da aka sake haɗuwa a 2024 kuma aka tashi 14 da 1.

Rottach-Egern ɗan ƙaramin gari ne a bakin tafkin Tegernsee, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Munich, a gindin duwatsu. Bayern kan kai 'yan wasanta can su yi sansanin atisaye kafin a shiga sabuwar kakar wasa, kuma tsohon shugabanta Uli Hoeness a bakin tafkin nan yake zaune. Ƙungiyar garin ta 'yan dagaji ce, tana can ƙasa a ƙananan rukunonin yanki. Kowa da sana'arsa ko karatunsa, sai an tashi aiki da yamma ake haɗuwa a buga ƙwallo. Su ne ake jerawa a gaban mutanen da albashinsu na mako guda ya fi abin da wani zai tara a shekara.

Duk lokacin da irin wannan sakamako ya iso gidajen kallon ƙwallo na Kano ko Zariya ko Maraɗi, majalisa kan rabu biyu. Akwai mai cewa, "Haba Malam, wannan ai zalunci ne. Ka tara bayin Allah ka yi musu wannan cin mutunci a gaban iyalansu?" Akwai kuma ɗan gani-kashe-nin ƙungiyar, wanda zai gyara zama ya ce, "Alhaji, ka rubuta ka ajiye, bana ba mai tsayawa a gabanmu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Ni a ganina dukansu biyu lambobin da ke kan allo suka kalla, alhali ba don lambobin aka buga wasan ba.

Wanda ya taso inda ake noma da shanu ya san abin da ake yi idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shanun huɗa sun shafe watanni a turke suna cin harawa da dusa da kowar wake, in ka ɗebe ɗan jan amalanke jefi-jefi. Sun yi ƙiba, wuya ya manta nauyin karkiya. Wata shekarar ma mai su ya sayar da tsohon sa bayan kaka, ya sayo ɗan bijimi wanda bai taɓa jin garma a bayansa ba. Manomin da ya san aikinsa ba zai jira ranar da huɗa ta kama, masu gonaki na sallama a ƙofar gidansa tun asuba da kuɗinsu a hannu, sannan ya fara neman igiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an yi ruwan farko ƙasa ta ɗan jiƙa, sai ya je wurin maƙwabcin da ke da fegi mai yashi a bayan gari ya ce, "Malam, ara mini gefen gonar nan in gwada shanu." Ba fadama zai kai su ba, ba kuma ƙasa mai laka da ke riƙe bakin garma ba. Jigawa yake nema, wadda garma ke ratsawa ba gardama.

Ka tsaya a gefe ka kalle shi. Yara na bin sa suna ƙirga kunya, shi kuwa ko waiwayar kunyoyin ba ya yi. Idonsa na kan wuyan shanun, ya ga ko karkiya na gurzar tozo. Yana lura ko sabon bijimin yana wuce tsohon ne ko yana jan ƙafa, domin in ɗaya ya fi ɗaya sauri kunya karkacewa take yi. Yana jira ya ga in an kai ƙarshen layi ya yi musu tsawa za su juya tare, ko sai an kai ga tsumagiya. Yana sauraron numfashinsu, ya ji a kunya ta nawa haki ya fara. In ya ga ɗaya na ɗingishi, nan take zai kwance, ko da layi uku aka yi.

Abin da Thomas Tuchel, kocin Bayern na lokacin, ke yi ke nan a bakin fili ranar da aka ci 27. 'Yan wasa sun dawo daga hutun makonni, an auna jininsu da bugun zuciyarsu da nauyinsu, sun yi 'yan kwanaki suna gudu. Amma gudu a filin atisaye daban ne da gudu da ƙwallo a ƙafa, ga alƙalin wasa, ga 'yan kallo, ga mutum a gabanka da ke son ƙwace ta. A irin wannan wasa yawanci koci kan ba kowa minti 45, a hutun rabin lokaci ya sauya kusan duka sha ɗayan, tunda wasan sada zumunta ba a ƙayyade canji kamar na gasa. A ƙarƙashin rigar ɗan wasa akwai 'yar shara mai ɗauke da na'ura a tsakanin kafaɗu, tana lissafa nisan da ya yi, da sau nawa ya zabura, da yadda zuciyarsa ta ɗauki aikin. Koci na son ya ga ko sabon mai tsaron baya ya fahimci inda na kusa da shi ke tsayawa, ko in an rasa ƙwallo 'yan gaba na taruwa su matsa tare ko kowa ta kansa yake yi, ko yaron da aka ɗauko daga ƙungiyar matasa ƙafarsa na rawa in ya ga manya. Duk wannan ana iya ganinsa ko da abokin karawa ba shi da ƙarfi. Hasali ma an fi ganinsa a haka, domin ƙwallo na hannunka kusan koyaushe, kana maimaita abu ɗaya har ya zauna.

Dalilin zaɓen ƙasa mai laushi kuwa ba tsoro ba ne. Jijiyar cinyar da ta huta wata guda ba ta son a zabure ta farat ɗaya. Sannan ƙwararren da ya yi daidai da kai, ko a wasan sada zumunta, yana da nasa kocin da yake son burgewa, kuma ƙafarsa na da nauyi. A Agustan 2021 Leicester City ta buga irin wannan wasa da Villarreal ta Sifaniya, aka shiga ƙafar mai tsaron bayanta Wesley Fofana aka karya ta, ya shafe watanni bakwai yana jinya. Ba maki aka nema a wasan ba, ba kofi. Ɗan dagaji da ke fuskantar Musiala kuwa, rabin hankalinsa na kan kada ya zama shi ne wanda ya ji wa tauraron ƙasa ciwo a gaban garinsu.

To mai cewa Laraba ta nuna Juma'a fa? Bari mu bi shekarar ta 27 ɗin. Sabitzer da ya ci biyar, mako bai cika ba aka sayar da shi ga Borussia Dortmund. Harry Kane, wanda ya zama mai ci wa ƙungiyar ƙwallaye a kakar, ranar nan yana Tottenham, sai 12 ga Agusta ya sa hannu. A daren ranar da ya iso RB Leipzig ta doke Bayern 3 da nema a Munich a kofin buɗe kaka, Dani Olmo ne ya ci duka ukun. Ranar 1 ga Nuwamba Saarbrücken, ƙungiyar rukuni na uku, ta fitar da su daga kofin ƙalubale na Jamus da ci 2 da 1. Gasar Bundesliga da suka riƙe shekara 11 a jere, Bayer Leverkusen ta Xabi Alonso ta ƙwace ta ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da 'yan Najeriya biyu a cikinta, Victor Boniface da Nathan Tella. Bayern ta ƙare a ta uku, a bayan Stuttgart, hannu rabbana, abin da rabonta da gani tun 2012. Shanun da suka yi kunya 27 a yashi sun shiga laka sun tsaya.

Shekarar 23 da nema ta fi wannan ban mamaki. Niko Kovac ne koci a lokacin, kuma bai kai ƙarshen shekara ba: a farkon Nuwamban 2019 Eintracht Frankfurt ta lallasa su 5 da 1, washegari ya bar aiki. Mataimakinsa Hansi Flick ya karɓa, da 'yan wasan nan dai ya cinye Bundesliga da kofin ƙalubale da kofin zakarun Turai, har da 8 da 2 ɗin da aka yi wa Barcelona. A 2024 kuma, wasan farko na Vincent Kompany a matsayin koci, ƙwallo 14 kacal aka ci, har ma aka rama ɗaya, amma a ƙarshen kakar Bundesliga ta dawo Munich. Duk yadda ka juya lambobin nan ba za su faɗa maka komai game da watan Mayu, ƙarshen kaka, ba.

Saura mai kukan zalunci, kuma shi maganarsa ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan ne misalin namu ke da iyaka. Yashi ba ya jin kunya, mutum kuwa yana ji. Mai tsaron ragar da aka ci 27 gobe zai fita aiki, abokai za su tsokane shi. Amma ka tuna mai fegin nan da aka ce ya ara. Bai taɓa ƙi ba, domin in shanu sun tafi shi ke da huɗaɗɗiyar gona ba ko sisinsa. Ƙaramar ƙungiya da ke buga wasanninta a gaban 'yan uwa da abokan arziki, ranar nan ɗaya filinta kan cika maƙil, a sayar da tikiti da abinci da abin sha, gidajen talabijin su zo. A al'adar irin waɗannan wasanni ƙaramar ƙungiya na samun rabo mai tsoka, abin da zai sayi riguna da ƙwallaye, ya gyara ciyawa, ya riƙe ƙungiyar yara. A Ingila haka Arsenal ke yi da Boreham Wood, maƙwabciyarta da ke ba ƙungiyar matanta da ta matasa filin wasa. A Yulin 2018 can Unai Emery ya fara jan ragama bayan shekara 22 na Arsène Wenger, aka ci 8 da nema, Aubameyang ya ci uku, ba wanda ya kai ƙara.

Da Bayern ta ci shida ta koma tana 'yan wasa da ƙwallo a tsakiyar fili don tausayi, a ganina shi ne zai zama raini. Wanda ya sa riga ya shigo fili so yake a buga da shi da gaske. Ban da haka, yaron da aka ba minti 45 ya nuna kansa ba shi da damar tausayi, makomarsa yake nema. Kuma zan iya rantsuwa cewa a garin Rottach-Egern ba 27 ɗin ake tunawa ba. Biyun nan na 2018 da ɗayan nan na 2024 ake ba da labari, kuma waɗanda suka ci su har jikokinsu sai sun gaji da ji.

In da abin da ke ba ni haushi a shirin kakar zamanin nan, ba wasan ƙauye ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Mako guda bayan wasan Rottach-Egern na 2023, Bayern na Tokyo tana karawa da Manchester City cikin zafi da gumi, daga nan ta wuce Singafo ta haɗu da Liverpool. Wannan manomi ne da ya ga kuɗi, ya ɗora shanunsa a mota ya kai su haya wata jiha tun wuyansu bai saba da karkiya ba. Ana samun kuɗin, ba musu, amma kocina da dama sun sha kokawa da gajiyar tafiyar. Wasan bayan gari aƙalla a motar ƙungiya ake zuwa, a dawo a ci abincin dare.

Mu ma an taɓa aron fegin namu. A Yulin 2008 Portsmouth ta Ingila ta zo Abuja, watanni biyu bayan ta ɗauki kofin ƙalubale na FA da ƙwallon Nwankwo Kanu a ragar Cardiff. Aka haɗa ta da Kano Pillars, wadda ba 'yar dagaji ba ce, ita ce zakarar Najeriya a shekarar, karo na farko a tarihinta. Portsmouth ta ci 5 da nema, washegari ta kara da Manchester United a filin nan dai. Masu kallon allo sun yi ta cewa an ga iyakar ƙwallon gida. Shekara na zagayowa Pillars ta je Alƙahira ta yi 2 da 2 da Al Ahly mai riƙe da kofin zakarun Afirka, ta fitar da ita, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Portsmouth kuwa bashi ya ci ta, aka zabtare mata maki 9, ta faɗi daga Firimiya a 2010 tana ta ƙarshe, zuwa 2013 tana rukuni na huɗu.