Inshorar Lafiya: Arahar Wata-Wata Ko Sauƙin Ranar Ciwo?

Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Baure, cikin ƙasar Daura, daf da iyakar Jamhuriyar Nijar. Malamin makaranta ko ma'aikacin gona da ke zaune a can ya san cewa ciwo ba ya jiran ƙarshen wata. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a nemi mota zuwa Baure ko Daura, kuɗin mota daban, na magani daban. Saboda haka ne ya kamata irin wannan ma'aikaci ya fahimci wata dabara da ke cikin harkar inshorar lafiya.

Dabarar ita ce, akan ba mutum zaɓi ya riƙa biyan kuɗi kaɗan kowane wata, amma da sharaɗin in rashin lafiya ta zo, shi zai fara biyan wani kaso daga aljihunsa kafin masu inshora su sa hannu. Watau in kuɗin wata ya yi ƙasa, kason aljihu sai ya yi sama. Wannan tsari ya yaɗu ƙwarai a Amurka.

A Nijeriya an kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki cikin 2005. Shirin ya haɗa da ma'aikaci, da matarsa, da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma majinyaci na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Alal misali, maganin Naira 20,000, nasa Naira 2,000. Cikin 2018 Jihar Katsina ta yi dokar kafa tata hukumar, KATCHMA, sannan cikin 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar ga kowa.

To, shin ƙara kason aljihu riba ce? Daga 1974 zuwa 1982 cibiyar bincike ta RAND ta gwada haka a Amurka kan dubban mutane. An gano cewa waɗanda ke biya da aljihunsu sun rage zuwa asibiti sosai, amma ba su bambanta tsakanin zuwan da ya zama dole da wanda ba dole ba. Matalauta masu hawan jini sun fi samun sauƙi a inda magani yake kyauta.

Darasin a fili yake. Saurayi mai ƙoshin lafiya, wanda ke da ɗan abin ajiya, yana iya cin ribar arahar wata-wata. Amma magidanci mai ƙananan yara, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke zuwa tare da damina, ko mai ciwon sukari, in ya zaɓi araha, to, ranar ciwo sai jinkiri, ko bashi, ko sayar da akuya da hatsi.

Kafin ma'aikaci ya sa hannu a kowace takarda, ya kyautu ya tambayi kansa: in ciwo ya buga ƙofa yau da dare, akwai wannan kaso a hannu? In babu, to, Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.