Nazarin Motsin Tsari: Yadda Kamfani Ke Jawo wa Kansa Rikici

Nazarin motsin tsari hanya ce ta kwaikwayon kamfani ko kasuwa a cikin kwamfuta, domin a ga yadda shawarar da aka yanke yau ke dawowa kan mai ita bayan watanni. Wanda ya assasa fannin shi ne Jay Forrester na jami'ar MIT a Amurka, injiniyan da ya jagoranci ƙera kwamfutar Whirlwind kafin ya koma sashen koyar da gudanar da kamfanoni a 1956.

Aikinsa na farko a wannan fanni ya shafi masana'antun General Electric da ke jihar Kentucky, masu ƙera kayan lantarki na gida. A can, sai a yi ta aiki ba dare ba rana, ana ɗaukar ma'aikata, can kuma a sallami da yawansu, abin yana maimaituwa kusan duk shekara uku. Manajoji na ganin laifin kasuwa ne. Forrester ya ɗauki fensir da takarda, ya bi lissafin oda da kayan sito da ma'aikata mako bayan mako, sai ya gano cewa ƙa'idojin da kamfanin ke bi wajen ɗaukar aiki da sarrafa kaya sun isa su haddasa wannan hawa da sauka, ko da masu saye ba su sauya hali ba. Daga nan littafinsa Industrial Dynamics ya fito a 1961.

Ginshiƙin hanyar shi ne bambance abin da ke taruwa da abin da ke gudana. Kamar rumbu ne: yawan hatsin da ke ciki ya dogara ga abin da ake zubawa da abin da ake ɗiba. Haka kuɗin asusu, da bashi, da ƙwararrun ma'aikata suke. Sannan akwai zagayen sakamako, inda ƙarancin kaya ke sa a ƙara oda, odar kuma ta dawo ta sauya yawan kayan. Amma abin da ya fi ruɗa shugabanni shi ne jinkiri. Wanda ya yi oda bai ga kaya ba yakan sake yin wata, ya manta da wadda ke kan hanya.

Saboda haka aka ƙirƙiro wani wasan koyarwa a MIT, inda ɗalibai ke zama mai shago, da ɗan sari, da dila, da masana'anta. Buƙatar masu saye tana tashi sau ɗaya kacal, daga katan 4 zuwa 8 a mako, ta tsaya a nan. Duk da haka kaya kan yanke, kowa ya ninka oda, daga baya sito ya cika maƙil. John Sterman, wanda ya wallafa bincike kan wasan a 1989, ya nuna cewa 'yan wasa ba sa ba kayan da ke tafe muhimmancin da ya dace. Ba a aji kaɗai abin ya tsaya ba. Kamfanin Procter & Gamble ya ga odar dilolin Pampers tana tangal-tangal alhali jarirai ba su sauya buƙata ba, kuma a 2001 kamfanin Cisco ya yi asarar kayan da darajarsu ta haura dala biliyan 2 bayan ya tara su bisa odar da masu saye suka kumbura.

Yau ana gina irin wannan kwaikwayo da manhajoji kamar Vensim da Stella. Sai dai kwamfuta ba ta san gaibu ba, kuma kwaikwayon da aka ɗora a kan zato marar tushe zai ba da amsa marar tushe. Amfaninsa na gaskiya shi ne tilasta wa sashen saye da na sayarwa da na kuɗi su zauna wuri guda, su rubuta yadda suke yanke shawara, su gwada ta kafin a zuba jari. Gwaji a kwamfuta ya fi sallamar ma'aikata araha nesa ba kusa ba.