In kwamfuta ta yi nauyi, fanka na ta ƙara: me ke cinye ƙarfinta?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira furosesa. Shi ne mai lissafi. Duk harafin da kuka rubuta, duk hoton da kuka buɗe, ta hannunsa yake bi. Ana auna aikinsa da kashi cikin 100. In kuna rubuta wasiƙa kawai, sau da yawa ba ya wuce kashi 10 ko 20. In kuwa ya hau 90 ko 100 ya zauna can, sai inji ya yi nauyi, fanka ta yi ta ƙara, batiri ya mutu da wuri. Wani lokaci ma injin ya kashe kansa, lissafin ƙungiya da ba a ajiye ba ya salwanta. Saboda haka, kafin komai, ku ajiye aikinku.

Kada ku yi gaggawar cewa inji ya lalace. Ku fara dubawa tukuna. Ku danna maɓallai uku tare: Ctrl, Maj da Échap. In allon maɓallanku na Turanci ne, sunayensu Ctrl, Shift da Esc. Wata taga za ta buɗe, sunanta Gestionnaire des tâches. Ku danna kan kalmar Processeur. Manhajar da ta fi cin ƙarfi za ta hau sama, da lambarta a gefe.

In manhajar shiga intanet ce, kamar Chrome ko Firefox, yawanci shafuka ne suka yi yawa, ko akwai bidiyo da ke tafiya a wani shafi da kuka manta. Ku rufe waɗanda ba ku buƙata. In Windows ne ke sabunta kansa, ko mai farautar birus na binciken inji, wannan aiki ne mai amfani. Ku ba shi lokaci ya gama, sannan ku kashe injin ku sake kunnawa. Amma masu farautar birus biyu a inji ɗaya ba ƙarin kariya ba ne: kowane yana ta binciken ɗan'uwansa, furosesa ne ke shan wahala. Ɗaya ya isa.

Akwai wani suna da ke tsorata mutane a banza: Processus inactif du système. Ko da kun ga 95 a gabansa, hankalinku ya kwanta. Lambar tana nuna ƙarfin da ke zaune ba aiki. Shi kuma Hôte de service na Windows ne, kada ku tsayar da shi. Maɓallin Fin de tâche na manhajar da kuka san ku kuka buɗe ta ne kawai.

In sunan baƙo ne, kuma yana cin ƙarfi ko da ba ku buɗe komai ba, mai yiwuwa birus ne. Wasu na sa injin mutum ya yi wa ɓarayi aikin haƙar kuɗin intanet a ɓoye. Sukan shigo ta manhajar sata, ko ta kile USB da ya bi injuna da yawa a wurin buga takardu. Ku sabunta mai farautar birus, ku sa shi cikakken bincike. Ku sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a shekarar 2020, ya kuma tsayar da kulawar yau da kullum ta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025.

Saura abin da aka fi mantawa da shi, alhali a ƙasarmu shi ne babba: zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a Yamai da Tawa, hunturu kuma ya riga ya cika ƙofofin iska da ƙura. In furosesa ya kusa digiri 100, yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Daga nan ƙaramin aiki ma sai ya cika shi, ku ga lamba ta hau ba tare da wata manhaja mai laifi ba. Kada ku ɗora inji a kan katifa, matashi ko zane, domin suna toshe masa hanyar iska. Ku sa shi a kan tebur, cikin inuwa, ku ɗan ɗaga bayansa. In za ku share ƙura, ku kashe shi, ku cire waya daga kuran, ku yi amfani da burushi mai laushi. Ban da ruwa.

In kun yi duk wannan bai sauka ba, ku rubuta sunan da ke sama da lambarsa a takarda, ku kai wa mai gyara. Ku roƙe shi ya share fanka, ya kuma sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye masa zafi, domin man yana bushewa da shekaru. In ya ce sai an goge injin baki ɗaya, kada ku yarda sai an kwafe takardunku a wani wuri.