Siyasa da Haraji: Yadda Suke Shafar Makarantun Gwamnati a Agege

LEGAS — Da yawa daga cikin Hausawan Zangon Agege, waɗanda kakanninsu suka zauna a gefen layin dogo saboda fataucin goro da shanu, makarantun gwamnati suke kai 'ya'yansu da safe. Sai dai kuɗin da ke riƙe da waɗannan makarantu ya sha faɗawa cikin rikicin jam'iyyun siyasa da dokokin haraji, abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya fahimta.

A shekarar 1979 ne Alhaji Lateef Jakande na jam'iyyar UPN ya zama gwamnan Legas da alkawarin ba da ilmi kyauta, alhali jam'iyyar NPN ce ke riƙe da gwamnatin tarayya. Ya soke tsarin karatun karɓa-karɓa, inda wasu yara ke zuwa da safe wasu da rana, ya kuma gina dubban azuzuwa masu sauƙin kuɗi. Abokan hamayya sun yi ta kushe gine-ginen, amma yara sun sami wurin zama. Juyin mulkin watan Disamba na 1983 ne ya kawo ƙarshen gwamnatinsa.

Babbar jarrabawa ta zo a 2004. Gwamna Bola Tinubu na jam'iyyar AD ya ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da tsarin mulki ya sani, ciki har da Orile-Agege da aka cire daga Agege. Shugaba Olusegun Obasanjo na jam'iyyar PDP ya ba da umarnin a dakatar da kason ƙananan hukumomin jihar daga asusun tarayya. Umarnin ya shafi wasu jihohi kamar Katsina da Neja, amma Legas ce ta ƙi janyewa.

Da yake daga wannan kaso ake cire albashin malaman firamare, takaddamar ta isa har cikin aji. A watan Disamba na 2004 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, sannan ta ce sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta amince. Duk da haka sai a 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya saki ragowar kuɗin, sama da naira biliyan 10.

Abin da ya tallafi jihar a lokacin shi ne harajin cikin gida, wanda a 1999 bai wuce kimanin naira miliyan 600 a wata ba, amma ya ninka sau da yawa kafin 2007. Daga nan gwamnatocin Legas suka ƙara matsa wa masu shaguna da 'yan tireda, har ta kai hukumar haraji ta LIRS ta jaddada a 2024 cewa sai iyaye sun nuna takardar shaidar biyan haraji kafin gwamnati ta biya wa 'ya'yansu kuɗin jarrabawar WAEC.

A ɓangaren tarayya kuwa, dokar soja mai lamba 7 ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, domin dukkan matakan karatu. A 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu kaɗai, wato TETFund. Firamare da ƙaramar sakandare suka dogara da dokar UBE ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa.

Har ila yau, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana fargabar haka, domin ba ta manta da wahalar albashi da ta biyo bayan miƙa firamare ga ƙananan hukumomi a 1991 ba.

Don haka ɗan kasuwar Agege da ya biya haraji ya adana rasiti, yana da ikon tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma nawa aka kashe wa makarantar unguwarsu. Ƙungiyoyin 'yan goro da na mahautan Oko-Oba, tare da fadar Sarkin Hausawa, su ne suka fi dacewa su gabatar da wannan tambaya da murya ɗaya.