Ranar da 'Yan Wasa Suka Yi Bore a Kasuwar Jita

A shekarar 2003 wani kamfani na ƙasar Aisilan, mai suna CCP, ya fito da wasan kwamfuta da ake kira EVE Online. Dubban mutane kan haɗu cikinsa ta intanet, suna fatauci da yaƙi a tsakanin taurari. A 2008 kamfanin ya kafa majalisar shawara, 'yan wasa suka riƙa zaɓen wakilanta, ana kai su Aisilan su faɗi kukan jama'a baki da baki.

To, a 2011 sai aka fito da wani tabarau mai ido guda, na ado kurum cikin wasa, aka yanka masa kuɗi wajen dala 70. Sa'an nan wata takardar cikin gida ta fallasa, mai zancen sayar wa mai kuɗi fifiko. Wannan ya fi tsadar zafi. Jama'a suka taru a Jita, babbar kasuwar wasan, suna ta harbin wata hasumiya, da yawa suka daina biyan kuɗin wata.

Ala tilas aka kira wakilai da gaggawa. A watan Oktoba shugaban kamfani, Hilmar Pétursson, ya rubuta wasiƙa a fili, ya amsa laifinsa, ya roƙi gafara.